RA'AYINMU: A Kai Wa Wurno da Rabah da Goronyo Intanet Mai Sauri

Duk lokacin da aka koma makaranta bayan dogon hutu, akwai wata hira da ba ta ƙarewa a ɗakunan kwanan ɗalibai, watau hirar yadda kowa ya sha fama kafin ya biya kuɗin makaranta, ya yi rajistar darussansa. 'Yan birni sukan saurara suna dariya, domin su a kan gado suka gama nasu kafin shayi ya huce. Amma 'yan'uwanmu da suka fito daga gabashin Sakkwato, daga ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, labarinsu daban ne. Wani zai ce maka tudu ya hau da tsakar dare yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Wani kuma kuɗin mota ya ranta ya zo birni, ya yi aikin minti goma, ya koma gida da almuru. Mun daɗe muna ɗaukar wannan abu a matsayin abin raha. A wannan fitowa muna so mu ce raha ta isa haka, domin kuwa magana ce ta hakki.

Mai karatu zai iya cewa, to ai akwai waya a ƙauye, har tsofaffi ma suna da ita a aljihu. Gaskiya ne. Tun da aka fara wayar salula a ƙasar nan cikin shekarar 2001 ƙarafunan sabis suka bazu, har ya zama da wuya ka sami babban gari da ba a kira. Amma fa sabis ɗin da ke ɗaukar murya daban, wanda ke ɗaukar takarda da hoto da darasi daban. Bari mu yi misali da abin da mutanen fadamar Rima suka fi kowa sani, watau noman rani. Manyan wayoyin da aka shimfiɗo ta ƙarƙashin teku suka sauka Legas, irin su MainOne da Glo-1 a 2010 da Equiano a 2022, su ne madatsar ruwa. Wayar nan mai zaren gilashi da ake binnewa a gefen titi ita ce babbar hanyar ruwa. Ƙarfen sabis da ke bakin gari kuwa shi ne 'yar ƙoramar da ke shiga gona. Idan madatsa ta cika maƙil, amma ba a haƙa babbar hanya ba, to manomin da ke ƙarshen layi ɗigo kawai zai gani. Haka abin yake a mafi yawan ƙauyukanmu. A hedikwatar ƙaramar hukuma akan ɗan sami abin da za a lallaɓa, amma da zarar ka saki kwalta ka nufi cikin ƙauyuka, sai alamar wayarka ta koma ta tsohon yayi, in ma ba ta ɗauke gaba ɗaya ba.

Ga masu son lissafi, ga shi. Takardar da nauyinta ya kai megabait 5, kamar hoton takardun shaidar karatu da ake nema a tura, tana wucewa cikin daƙiƙa huɗu a layin da ke gudun megabit 10. A tsohon layin nan mai rarrafe kuwa za ta ci kusan minti bakwai, in har bai yanke a tsakiya ba. Shi kuwa yankewa sana'arsa ce. In ya yanke, sai a sake daga farko, kuɗin data kuma ya riga ya tafi.

To me ya sa muka ce magana ce ta hakki? Dalili shi ne Gwamnati da kanta ta ɗauke ƙofar gidanta ta mai da ita cikin intanet. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Daga 2021 ba a rajistar jarrabawar sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda ita ma sai da intanet ake yin ta. A watan Mayu na 2024 aka buɗe neman lamunin karatu na asusun NELFUND, babu ofishin da za ka je ka miƙa takarda, sai ta shafinsu. Rajistar bautar ƙasa, da neman shiga aikin soja ko ɗan sanda ko kwastan, da duba sakamakon jarrabawa, duk hanya ɗaya ce. Ba mu ƙi wannan tsari ba, hasali ma ya rage yawan a-san-ka da ake yi a da. Amma wanda ya ce wa jama'a ga ƙofa ɗaya tak da za a shiga wurinsa, lalle ne ya share wa kowa hanyar zuwa bakin ƙofar. In bai yi haka ba, to ya kori wasu ke nan ba tare da ya buɗe baki ya ce ya kore su ba.

Yaron da ya tashi a wani ƙauye na ƙasar Gandi ko bayan Achida, wanda bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, ana so ya yi takara da ɗan birnin da ya shekara yana gwaji a wayar mahaifinsa. In ya faɗi sai a ce 'yan ƙauye ba su da ƙoƙari, a kawo alƙaluma a nuna Arewa tana baya. Mai wannan rubutu ya raka ƙaninsa irin wannan jarrabawa. Yaro ne da ya haddace littafin lissafinsa kusan kaf, amma rabin sa'ar farko ta tafi wajen neman yadda ake matsa kibiya ta koma tambaya ta gaba. Ya fito bai ce kome ba har muka isa tasha. Irinsa nawa ne a gabashin Sakkwato? Ba a ƙidaya su, domin ba su iso nan inda muke ba balle a ji muryarsu.

Akwai masu cewa, kuma ba mu raina maganarsu ba, wai mutanen da 'yan bindiga suka hana barci, waɗanda ke kwana a makarantun firamare suna gudun hijira, ina ruwansu da intanet? A ba su tsaro da abinci tukuna. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya san halin da yankin nan ya shiga cikin shekarun nan ba zai yi musun cewa rai shi ne gaba da kome ba. Sai dai an riga an gwada mana rayuwa babu sadarwa, mun kuwa ga yadda ta kaya. A watan Satumba na 2021, bayan an toshe layukan waya a Jihar Zamfara, sai aka toshe na ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo. Manufar ita ce a raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba na shekarar, ranar kasuwa, aka auka wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 aka kashe. Allah ya jiƙansu da rahama. Waɗanda suka ga tahowar maharan ba su da hanyar kiran kowa. 'Yan'uwa da ke birni suka kwana ba su san wa ya mutu wa ya tsira ba. Ba a jima ba gwamnatin jihar da kanta ta nemi Gwamnatin Tarayya ta sake duba matakin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Shi ɓarawo yana da babur da zai kai shi inda zai sami sabis, ko da na tsallaken iyaka ne. Talakan da ke tsugune a ƙauye shi aka bari cikin duhu.

A watannin nan ne mutane suka gane yawan abubuwan da suka rataya a kan wannan siririn zare. Masu POS suka rufe. Ɗan ci-rani da ke Legas ko Fatakwal ya kasa aiko wa iyalinsa na cefane. Mai albasa ya loda mota bai san farashin da zai tarar ba. Da aka zo kuma ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, sai wannan rauni ya sake fitowa fili. A kasuwannin ƙauye an ga mai saye da mai sayarwa sun tsaya cirko-cirko suna jiran saƙon shigar kuɗi, rana tana faɗuwa, kaya suna hannu. Da yawa sun karyar da amfanin gonarsu ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi.

Maganar noma ita ce ta fi ci mana rai, domin a nan ne rashin adalcin ya fi bayyana. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan gulbin Rima cikin 1984, an yi ta ne ta ɗauki ruwa mita cubic miliyan 942 kamar yadda injiniyoyi ke aunawa, kuma daga gare ta ne ake sako ruwan da birnin Sakkwato ke dogara da shi da rani. Shinkafar fadamar Wurno, da albasa da tafarnuwar yankin, su ne ke cika manyan motocin da ke gangarawa Kudu. Ruwa yana zuwa birni daga can, abinci yana zuwa daga can. Me birni yake mayarwa? Manomin albasa ya sha wahalar reno da dashe da ban-ruwa wata da watanni, amma ranar sayarwa dillali ne kaɗai ya san yadda buhu yake a Legas ko Onica a safiyar nan. Shi manomi abin da aka faɗa masa shi zai ɗauka. Ba mu ce dillalai duka macuta ne ba, suna da nasu amfani da nasu asara. Amma ciniki tsakanin mai gani da wanda aka rufe wa ido ba ciniki ba ne. Da akwai layi mai ƙarfi, da ƙungiyar manoma za ta iya ɗaukar hoton kayanta ta tura wa mai saye kai tsaye, a yi ciniki ana ganin juna. Da manomin da ya ga ganyen albasarsa yana ƙonewa zai ɗauki hotonsa ya tura wa malamin gona, a gaya masa maganin da ya dace kafin cutar ta cinye kadada guda. Malaman gona ba su da yawa, kuma tsoron hanya ya sa ba sa shiga ko'ina. Hoto kuwa ba a tare shi a hanya.

Har ila yau akwai maganar ambaliya. Manyanmu ba su manta da watan Satumba na 2010 ba, lokacin da ruwan Goronyo ya ɓalle ya shafe ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima, har ya yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana fitar da jerin wuraren da ake jin tsoron ambaliya. Ana yin taro a Abuja, a buga a intanet da Turanci. Mutumin da ruwan zai ci gidansa shi ne na ƙarshe da zai ji, in ma ya ji.

Ba za mu tsawaita kan asibiti ba, domin kowa ya san ƙaramin asibitin ƙauye da ma'aikaci ɗaya ke riƙe da shi. In mace ta zo da naƙuda mai gardama, abin da zai fi taimakonsa shi ne ya sami likita a birni ya nuna masa halin da ake ciki ido da ido, a ce masa riƙe ta ko kuwa maza a taho da ita.

Abin da ya ƙara sa muka zaɓi waɗannan garuruwa uku shi ne tarihinsu yana tuhumarmu. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a can ya rasu cikin 1837, a can hubbarensa yake. Shi Bello bai ɗauki tsaron iyaka a matsayin ganuwa da mayaƙa kaɗai ba. Ra'ayinsa shi ne a zaunar da jama'a, a gina musu masallaci da makaranta, a kawo masu sana'a, domin garin da ke da ilmi da kasuwa shi ne ke iya tsayawa da ƙafarsa. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ita ma ta zauna a Wurno, ba ta jira matan ƙauye su nemo ilmi da kansu ba. Ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suka riƙa kai karatu har cikin gidaje, abin da aka sani da 'Yan Taru. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, ya kuma riƙe hakimcinta tun 1934. A zamanin da yake jan ragamar Arewa aka yi Yaƙi da Jahilci, aka riƙa buga wa kowane lardi 'yar jaridarsa, ta lardin Sakkwato ita ce Zaruma, domin wanda ya koyi karatu a ajin dare ya sami abin karantawa da harshensa. Waɗannan bayin Allah ba su da waya ba su da kwamfuta, da ƙafa da doki da keke suka kai ilmi ƙauye. Mu da ake ce wa 'yan zamani mun bar garuruwansu a ƙarshen layi.

Ba a rasa alkawari ba. A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin intanet mai sauri na shekara biyar, 2020 zuwa 2025. An rubuta a ciki cewa za a kai gudun megabit 25 a birane, megabit 10 a karkara, sabis ɗin ya game kashi 90 cikin 100 na jama'a, masu amfani da shi su kai kashi 70, farashin gigabait guda kuma kada ya wuce Naira 390. Wa'adin ya cika, masu amfani ba su wuce kusan rabin jama'a ba, su ma mafi yawansu a birane suke. A watan Janairu na 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. A 2024 an sake sanar da wani sabon shiri na shimfiɗa wayar zaren gilashi mai tsawon kilomita 90,000. Muna maraba da shi. Tambayarmu ita ce, a taswirar aikin, ina layin da ya bi ta Achida ya shiga Wurno ya wuce Goronyo? Ina wanda ya nufi Rabah da Gandi? A wace shekara? Muna so a nuna mana a rubuce.

Kada kuma mu yaudari kanmu da cewa kamfanoni za su je don Allah. Kamfani riba yake nema. Kafa ƙarfe a ƙauye kuɗi ne mai yawa, babu wutar lantarki sai a yi ta zuba wa janareta man gas, ga masu satar batur, ga tsoron a sace ma'aikaci, masu sayen data kuma kaɗan ne. Saboda sanin haka ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, wanda ake kira USPF, domin a tallafa a kai sabis inda ɗan kasuwa ba zai je da kansa ba. Wannan asusu na mutanen Goronyo ne kamar yadda yake na kowa, kuma aikin wakilanmu na Majalisar Tarayya ne su tambayi nawa aka kashe a mazaɓunsu, a kuma wane gari. Ƙasar Indiya, wadda ta fi mu yawan ƙauyuka nesa ba kusa ba, tun 2011 ta ɗauri aniyar kai irin wannan waya ga majalisun ƙauyukanta kimanin 250,000 da kuɗin gwamnati. Aikin ya yi ta jinkiri, an sha sukarsa, amma sun gane tun da wuri cewa wannan aiki ɗan'uwan gina titi ne.

Ita ma gwamnatin jiha tana da nata. Tun 2020 gwamnoni suka amince kuɗin izinin haƙa ramin waya kada ya wuce Naira 145 a kowace mita, wasu jihohi ma sun yafe shi ɗungurungum. A yankin da ake roƙon kamfanoni su shigo, bai kamata a ce akwai wani haraji da ke tare musu hanya ba. Ƙananan hukumomi kuwa, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, ba su da sauran uzurin cewa ba a tambayarsu. Ɗaki guda a kowace sakandare, da kwamfuta ashirin, da faranti masu ɗaukar hasken rana, bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Inda waya ba ta iso ba tukuna, akwai intanet na tauraron ɗan'adam irin na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a farkon 2023. Ya yi wa mutum ɗaya tsada ƙwarai, amma makaranta ko asibiti ko ƙungiyar manoma za su iya haɗa hannu su ɗauki ɗaya. Sharaɗi dai shi ne a sa wanda zai kula da shi. Mun gaji da ganin ɗakunan kwamfuta da aka buɗe da kiɗa da jawabai, bayan shekara guda ka leƙa ka tarar da ƙura da gidan rina.

Ba za mu ɓoye ba, abin yana da nasa sharri. Inda intanet ya shiga, 'yan damfara suna biye da shi, haka jita-jita da hotunan banza, har su kansu 'yan bindigar an gan su suna baje kolinsu a TikTok. Iyayenmu da ke ɗari-ɗari da shi suna da hujja. Amma titin da ɓarawo ke bi shi ne motar asibiti ke bi, ba mu kuwa taɓa jin an ce a fasa gina titi don haka ba. Maganin abin shi ne a koya wa mutane, musamman mata da 'yan mata, waɗanda su ne suka fi ƙarancin waya a hannu, a kuma samar musu abin karantawa da saurare da Hausa da Fulatanci. Wannan kuwa ba Abuja za ta yi mana ba.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu ɗalibai da ku ƙananan ma'aikata da aka tura ƙananan hukumomi. Ku ne kuke rubuta takardar da shugaba ke sa wa hannu, ku ne kuke tsara kasafin kuɗi kafin ya isa teburin manya. Layi ɗaya da ɗayanku zai saka na ɗakin kwamfuta ko na farantan hasken rana ya fi jawabi goma. Mu kuma da za mu tafi hutu, muna roƙon kowane ɗalibi ɗan ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo ya yi mana aiki ɗaya. Ya ɗauki littafi ya rubuta sunan garinsu, da layukan da ke kamawa, da inda ake tsayawa kafin a samu, da minti nawa takarda guda ke ɗauka kafin ta wuce da safe da kuma da dare, da nisan wurin da ake zuwa rajistar jarrabawa da abin da ake kashewa a mota. Wanda ke da hali ya tara yaran aji shida na sakandaren garinsu ko sau biyu a mako, ya nuna musu yadda ake amsa tambaya a kan allo, ko da da wayarsa ce. In an dawo a kawo takardun ofishin wannan mujalla. Za mu haɗa su gari-gari, mu buga a fitowa ta gaba, mu kuma aika da kwafi ga shugabannin ƙananan hukumomin uku, da 'yan majalisarsu na jiha da na tarayya, da ofishin hukumar NCC.